Ƙoramar hunturu: tarihin kalmar "bourne" da ruwan da ke komowa gida

In kana cikin masu kasa kunne ga sakamakon ƙwallon Ingila ran Asabar da dare, to ka sha jin sunan Bournemouth. Dattawan 'yan kallo kuwa ba su manta da Blackburn ba, wadda ta ɗauki kofin Firimiya a 1995. Cikin sunayen nan biyu akwai wata tsohuwar kalmar Ingilishi da ta laɓe. A kudancin Ingila ana rubuta ta "bourne", a furta ta kamar "bon" da ɗan jan wasali. A arewacin ƙasar da Sikotland kuma "burn" ake cewa. Ma'anarta ƙorama, wato ƙaramin rafi. Ka ga ke nan Bournemouth na nufin bakin ƙorama, inda ta zuba cikin teku, Blackburn kuwa baƙar ƙorama.

In ka tare Bature a titin Landan yau ka tambaye shi mene ne "bourne", da wuya ya ba ka amsa, ko da kuwa a unguwar da yake kwana kalmar na rubuce a allon tasha. Ta fita daga bakin yawancin mutane, ta saura a sunayen garuruwa da littattafan masana ruwa. Tarihin yadda aka yi haka ya cancanci a zauna a ji shi, don kalmar nan saƙo ce da magabata suka bar wa jikoki game da hanyar ruwa, kuma an sha wuya a wuraren da aka daina gane saƙon.

Asalin kalmar

Bayan sojojin Rum sun janye daga tsibirin Birtaniya wajen shekarar 410, wasu ƙabilu daga yankin da yake arewacin Jamus da Denmark a yau suka tsallako teku suka zauna. Su ne Angil da Sakson da Jut, kuma harshensu ne ya zama tsohon Ingilishi. A bakinsu kalmar "burna" ce, tana nufin idon ruwa da kuma ƙoramar da ke fita daga idon. 'Yar'uwarta na nan da rai a Jamusanci, "Brunnen", wato rijiya ko maɓuɓɓuga. Duba da kyau za ka ga harafin r ya canza mazauni, a ɗaya yana gaban wasali, a ɗaya yana bayansa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, tunda mu ma wani na cewa bagaruwa, wani gabaruwa, wani bincike, wani binkice.

Abin riƙewa a nan shi ne tun farko kalmar ta jingina da ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ka ajiye wannan a zuciya, za mu komo kansa.

Kalmar ta yi ƙarnuka tana sarauta, sannan kishiyoyi suka zo mata. Na farko mayaƙan teku ne daga ƙasashen Sikandinabiya, waɗanda ake kira Bayikin. Sun kai hari tsibirin Lindisfarne a 793, babbar rundunarsu ta sauka a 865, ta ci birnin York a 866. Sarki Alfred ya karya su a Edington a 878, amma aka yi sulhu suka riƙe gabas da wani ɓangare na arewa. Su nasu sunan ƙorama "bekkr" ne, wanda ya zama "beck". Har gobe a Yorkshire da Cumbria "beck" ake cewa. Da ka ƙara gaba zuwa Northumberland, inda ba su zauna da yawa ba, sai "burn" ta dawo, ta bi ka har cikin Sikotland. Wato mutum zai iya ɗaukar taswira, ya bi sunayen ƙoramu kaɗai, ya gane inda baƙin nan suka kafa gidaje shekara dubu da ɗoriya da suka wuce. Ga masu karatun Faransanci ma akwai rabo: dangin waɗannan mayaƙa da suka zauna a Normandi ta Faransa sun bar kalmar a sunayen garuruwa irin su Bolbec da Caudebec.

Daga Normandin nan ne kuma sarki William ya ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, ya shigo da kalmar da ta zama "river" ga babban kogi. A tsakiyar ƙasa da kudu kuma wata kalma ta gida, "brook", ta yi ta ture "burna" gefe a zancen yau da kullum. A Sikotland dai "burn" ba ta taɓa mutuwa ba. Yaƙin da Robert Bruce ya ci sarki Edward na biyu a 1314, a gefen wata ƙorama aka gwabza shi, shi ya sa ake ce masa yaƙin Bannockburn, kuma yaro a ƙauyen Sikotland yau zai ce maka ya je wasa bakin "burn".

Inda ta sami mafaka

A kudu kalmar ta tsira ne a ƙasar alli. E, allin nan dai da malam ke rubutu da shi a allo, can tuddai ne sukutum, a jihohin Dorset da Wiltshire da Hampshire da Sussex da Kent, da tuddan Chiltern da ke arewa maso yammacin Landan. Dutsen alli kamar soso yake, cike da ƙananan ƙofofi da tsagogi. Ruwan sama in ya sauka bisansa ba ya tsayawa ya yi gudu a sarari, tsotse shi ake yi zuwa ƙasa.

A Ingila ana ruwa kusan kowane wata, amma a watannin zafi rana da tsirrai ke shanye mafi yawansa. Daga wajen Oktoba zuwa Maris, lokacin sanyi, shi ne ruwan ke samun sukunin nutsewa. Sannu a hankali ruwan ƙasa ya yi ta hauhawa, kamar yadda kake ganin rijiyar gidanku na cikowa bayan damina har guga ta rage tafiya. Ran da ya kai matsayin gindin kwari sai idanu su ɓalle, busasshen kwarin da tumaki ke kiwo ciki ya wayi gari da ƙorama mai ruwa garai-garai. Ta yi wata huɗu ko shida tana gudu, sannan ta ja da baya, ta ƙafe daga sama zuwa ƙasa. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. To a ƙasar alli, wani lokaci ruwan ba ya jiran mai tono.

Irin wannan ƙorama ita ce Sakson suka sa wa suna "winterburna", yau "winterbourne". Farkon kalmar lokacin sanyi ne, don haka in za mu mayar da ita Hausa sai mu ce ƙoramar hunturu. Abin zai ɗan ba ka dariya, don mu a nan hunturu shi ne lokacin da ƙoramu ke mutuwa leɓe na tsagewa, su kuwa lokacin ne nasu ke farfaɗowa.

A 1086 sarki William ya sa aka yi masa babban kundin ƙidayar filaye da dukiya don haraji, wanda ake kira Domesday. A cikinsa ƙauyuka da dama a Dorset da Wiltshire suna ɗaya suke amsawa, sunan ƙoramar hunturun da suke jere a gefenta. A Dorset kaɗai sun fi goma. Da rikicewa ta yi yawa sai aka riƙa ƙara wa kowanne laƙabi, yadda muke bambanta Birnin Ƙonni da Birnin Kabi da Birnin Gwari. Winterbourne Bassett da Winterbourne Dauntsey sun ɗauki sunan zuri'ar da ta mallake su. Winterbourne Gunner ta ci sunan wata mace mai filin a ƙarni na 13, Gunnora. Winterbourne Earls ta hakiman Salisbury ce. Akwai ma Winterbourne Abbas, amma kada ka yi zaton wani Malam Abbas ne ya taɓa sauka can. Kalmar Latin ce mai nufin shugaban gidan ibada na Kirista, don gidan ibadar Cerne ne ke da garin.

Ka lura da amfanin sunan ga manomin wancan zamani. Baƙo in ya zo a watan Agusta zai ga kwari a bushe, ciyawa kore shar, wuri mai kyau da kafa ɗaki. Sunan garin kaɗai ya isa ya gaya masa cewa wurin nan da mai shi, tafiya ya yi, kuma zai dawo.

Ruwan baƙin ciki

Wasu ƙoramun ba kowace shekara suke zuwa ba. Idanunsu na can sama a kwarin, sai shekarar da aka yi ruwa fiye da kima ruwan ƙasa ke kai musu. Kowane yanki da sunan da yake kiransu. A Kent "nailbourne", kuma mutanen kwarin Elham sun daɗe suna cewa tasu sai bayan shekara bakwai-bakwai take gudu. A Sussex da Hampshire "lavant". A tuddan allin Yorkshire "gypsey", kamar Gypsey Race da ke zuba teku a Bridlington.

Tunda suna zuwa ba zato, mutane suka ɗauke su alamar masifa, suka sa musu suna mai ma'anar ruwan baƙin ciki. Wani littafin tarihi na ƙarni na 15, wanda ake jinginawa ga John Warkworth, ya kawo labarin ɓallewar irin wannan ruwa a 1473, da yadda jama'a suka ɗauke shi manzon yunwa ko annoba ko yaƙi. A ƙarni na 17 marubuci John Aubrey ya rubuta irin wannan game da ƙoramar da ke gangarowa Croydon, kudu da Landan, wadda mutanen wurin ke kira Bourne kawai: an alaƙanta fitowarta da komowar sarauta a 1660, da babbar annobar Landan ta 1665, da juyin mulkin 1688.

Camfi ne, babu ko shakka, ruwa bai san wane ne sarki ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Shekarar da ta cika alli har ya yi amai ita ce shekarar da hatsi ke ruɓewa a gona, rijiyoyi su gauraya da ƙazantar masai, cuta ta biyo baya. Talaka ya ga abubuwan biyu na zuwa tare sai ya ɗaura musu aure. A ƙarshen ƙarni na 19 wani injiniyan Croydon, Baldwin Latham, ya yi shekaru yana auna zurfin ruwa a rijiyoyin yankin, har ya kai yana iya faɗin lokacin da Bourne za ta fito tun kafin ta fito. Daga nan ruwan baƙin ciki ya zama abin lissafi.

Yadda Landan ta binne nata

A babban birnin kuwa wani abu daban ya sami kalmar. Landan na zaune bisa ƙoramu da yawa masu gangarawa kogin Thames. Holborn, unguwar lauyoyi, asalinta ƙoramar rami. Kilburn ma sunan ƙorama ne. Tyburn ƙorama ce kafin sunanta ya koma na dandalin da ake rataye masu laifi har 1783, kuma unguwar Marylebone ta samo suna daga cocin Maryamu da ke bakin wannan ruwa. Ƙoramar Westbourne ce sarauniya Caroline ta sa aka datse a 1730, aka yi tafkin Serpentine na lambun Hyde Park.

Da birni ya cika ya tumbatsa, ƙoramun suka zama magudanan ƙazanta. A bazarar 1858 warin kogin Thames ya kai 'yan majalisa toshe hanci, aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanai na ƙarƙashin ƙasa, ƙoramun da dama ma an riga an rufe su aka haɗe su cikin wannan tsari. Yau in ka tsaya a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Sloane Square ka ɗaga kai, za ka ga wani ƙaton bututun ƙarfe ya gitta bisa layin dogo. Westbourne ce a ciki, tana wucewa bisa kawunan fasinjojin da akasarinsu ba su san da ita ba. Mutumin Kano da ya san abin da ya sami Jakara ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sunan dai ya yi tafiya har bangon duniya. Birnin Melbourne na Ostareliya an raɗa masa suna a 1837 don girmama firaministan Birtaniya na lokacin, Lord Melbourne, shi kuma sarautarsa daga wani ƙaramin gari take a Derbyshire, mai ma'anar ƙoramar injin niƙa.

Kada ka rikita su

Ga ɗalibai masu koyon Ingilishi, akwai tarko uku. "Burn" mai ma'anar ƙonewa kalma ce daban, sun yi kama ne kawai a rubutu da furuci. "Born" na haihuwa kuma a furuci suka yi karo da "bourne". Na uku ya fi wayo: akwai wata "bourn" mai nufin iyaka, wadda Shakespeare ya yi amfani da ita a wasan Hamlet wajen 1600 inda ake maganar lahira. Wannan daga Faransanci ta zo, 'yar'uwar "borne" ce, dutsen nan da ake kafawa a iyakar fili ko a gefen hanya don ƙirga kilomita, wanda mutanen Nijar da Kamaru da Cadi suka sani sarai.

Wajen amfani kuma, in rafi kake nufi a jarrabawa ko a wasiƙa, "stream" ta ishe ka. "Burn" sai in kana zancen Sikotland ko arewa maso gabashin Ingila. "Bourne" da "winterbourne" kuwa ka bar su ga ƙoramun alli na kudu, don a nan ne masana ruwa da na halittu ke morar su har yanzu, suna nufin sashen sama na rafi da ke gudu wani lokaci ya ƙafe wani lokaci. Da yawa daga irin waɗannan kalmomi da sun ɓace da ba don masu tattarawa ba, irin su Joseph Wright, wanda ya fitar da ƙamus na karin harsunan Ingila mujalladi shida tsakanin 1898 da 1905, da ƙungiyar nazarin sunayen wuraren Ingila da aka kafa a 1923.

Ranar da mai wuri ya dawo

A ƙarni na 20 kamfanonin ruwa suka haƙa rijiyoyin burtsatse cikin alli don shayar da birane. Ruwan ƙasa ya yi ƙasa, wasu ƙoramun, kamar Misbourne ta tuddan Chiltern, suka riƙa shafe dogon lokaci sassansu a bushe. Wanda aka haifa ya girma bai taɓa ganin ruwa a kwari ba, me zai hana shi shimfiɗa titi ko ya yi gini a ciki? Kalmar da za ta gargaɗe shi kuma ta zama sauti kawai a ƙarshen sunan garinsu.

A watan Janairun 1994, bayan watanni ana tafka ruwa, rafin Lavant da ke ratsa birnin Chichester ta ƙarƙashin ƙasa, wanda kan bushe ƙayau a lokacin zafi, ya fi ƙarfin magudanarsa. Manyan hanyoyi suka yanke, aka kira sojoji suka kafa gadojin wucin gadi, aka yi makonni ana zuƙe ruwa da injuna. A farkon 2014 kuma Bourne ta Croydon, tsohon ruwan baƙin cikin nan, ta taso ta shiga gidaje da tituna, ta yi barazana ga matatar ruwa ta Kenley da dubban gidaje ke sha daga gare ta. Ambaliyar ruwan ƙasa muguwa ce ta wata fuska: buhun yashi ba ya tare ta, don ta daɓen ɗaki take ɓullowa, kuma ba kwana biyu take yi ta tafi ba.

To mu fa?

A nan ne labarin ya taɓa mu, don mu ma ƙasar ruwa mai zuwa da tafiya muke zaune, kuma harsunanmu sun tanadi sunaye. Bahaushe na bambanta kogi da gulbi da rafi da ƙorama da kwari da fadama da kwazazzabo. A Nijar ana cewa kori. A arewacin Kamaru Fulani na cewa mayo, kamar Mayo Kaliyawo da ke ratsa Marwa, wanda da rani yashi ne zalla. A Cadi da Sudan akwai wadi da khor. Akwai dai bambanci da ya kamata a faɗa. Ƙoramar hunturu daga ƙasa take tasowa, a hankali, da ruwa mai haske. Kori kuwa daga sama yake zuwa, cikin sa'o'i, jawur da laka, wani lokaci ma ba a yi ko ɗigo a garinku ba, can bisa duwatsu aka yi. Amma abin da sunan ke faɗa ɗaya ne a ko'ina: nan hanyar ruwa ce, ko da ka tarar da ita a bushe.

Mutanen Maraɗi sun san wannan darasi. Tsohon garin a kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka komar da gari bisa tudu. A farkon Satumban 2009 kori Telwa ya sauko daga duwatsun Ayar ya fasa madatsa, ya shiga unguwannin Agadas, dubban gidaje suka zube. Shekarun farin 1970 da 1980 sun yi mana irin abin da burtsatse ya yi wa ƙasar alli: kwaruruka sun daɗe ba su cika ba, birane suka faɗaɗa cikinsu, aka yanka filaye, aka sa wa unguwanni sababbin sunaye masu daɗin ji.

Saboda haka, mai karatu, in za ka sayi fili a bayan gari, bayan ka ga takarda ka ga dillali, ka nemi wani tsoho na wurin ka tambaye shi me ake kiran wajen nan kafin a yanka shi. In ka ji kwari ko fadama ko kori ko mayo a cikin tsohon sunan, ka sake shawara, ko aƙalla ka ɗaga tushen gininka ka bar wa ruwa hanyarsa. Malaman makaranta kuma, da za ku sa yara su tattaro sunayen ƙoramu da tafkuna da fadamun garinsu daga bakin kakanninsu, su rubuta a ajiye, da kun yi wa garin aikin da Joseph Wright ya yi wa nasa mutanen. Ba ya cin kuɗi, littafi ɗaya da alƙalami sun isa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da sharrin ambaliya.